Wane littafi zan saya wa Kawu mai lambu?

Uwar Biyu, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, zai ajiye aiki ƙarshen wata mai zuwa, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a sakandare a Funtuwa. 'Ya'yansa sun haɗa kuɗi za su ɗinka masa babbar riga su saya masa agogo. Ni kuwa na ce littafi zan ba shi, don na san halinsa: rigar nan ninke ta zai yi ya sa a akwati, sai salla.

Kawu mutumin shuka ne. A bayan gidansa akwai ɗan fili da rijiya, ya sa mangwaro masu aure, gwaiba, lemun tsami, ga zogale jere a jikin katanga. Da sanyi ya shigo sai ya yanka komaye ya zuba latas da karas da albasa da tumatir. Ledar ruwan sanyi ba ta tsira a unguwarsu, tsince ta yake yana renon iri a ciki. Ba ya sayar da komai, rabo yake yi. In ka je gaishe shi kada ka zauna a falo kana jira, bi shi bayan gida kawai. Kuma in kuna tafiya a mota yana iya sa direba ya tsaya don ya hango wata bishiya da bai gane ba. Har kasko ya ajiye da ruwa a gindin gwaiba saboda tsuntsaye.

Abin da nake gudu shi ne irin littafin da ɗansa na Ingila ya taɓa aiko masa. Babba ne, takarda mai sheƙi, furen wardi da ciyawa kore shar. Kawu ya duba ya ce masu littafin da ƙanƙara suke fama, shi kuwa da gara da awakin maƙwabta. Yana nan ƙarƙashin talabijin har yau.

Yana karanta Turanci sosai, Larabci daidai gwargwado, Hausa kuwa boko da ajami. Ido ya fara rauni, sai da tabarau. Wanda ya san littafin da zai yi wa irin wannan mutum amfani, don Allah ya taimaka.

Tsohon Malamin Gona, Zariya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tuna da shi ta wannan hanya. Maganar tsayar da mota ita na riƙe, domin ta nuna mini ba dabarun shuka kawunki ya rasa ba. Wanda ya iya yi wa mangwaro aure ba ya jiran littafi ya koya masa zuba taki. Abin da yake so shi ne ya ga bishiya ya san ko wace ce.

In dai haka ne, littafin da na fi yarda da shi shi ne na Michel Arbonnier, wani Bafaranshe masanin gandun daji. Da Faransanci ya rubuta, aka fassara shi zuwa Turanci a 2004 da sunan Trees, Shrubs and Lianas of West African Dry Zones. Kalmomi biyun ƙarshen nan su ne muhimmai: busasshiyar ƙasa, wato tamu. Itatuwa sama da 300 ke ciki, kuma abin da ya sa na fifita shi shi ne hotunan. Bai tsaya ga ɗaukar bishiya daga nesa ba. Zai nuna maka ɓawonta, ganyenta, furenta, 'ya'yanta, sannan ya faɗi lokacin da take fure, irin ƙasar da take so, da abin da mutane ke yi da ita. Ki ɗauki bagaruwa da farar ƙaya da dushe. Daga nesa duk ƙaya ce, yaran yanzu ba sa rarrabewa. Amma ka sa kwafsar bagaruwa kusa da hoto, ka ga yadda take da gaɓa-gaɓa, magana ta ƙare. Aibinsa biyu ne: yana da nauyi, ba na aljihu ba ne, kuma samunsa a nan sai an sha wuya. Tunda akwai ɗa a Ingila, ki tura masa kuɗi da sunan littafin, ya ba mai zuwa.

Akwai kuma Trees of Nigeria na R. W. J. Keay, wanda ya fito a 1989. Littafi ne na ƙwarai, mun yi aiki da shi, amma ba zan ce ki ba dattijo mai tabarau ba. Zane ne baƙi da fari, bayanin na masana ne, kuma kaso mai yawa itatuwan kurmin kudu ne da kawunki ba zai taɓa gani a hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi ba.

Yanzu ga wanda nake so ki haɗa masa da shi, kuma kusan kyauta ne. A 1916 wani likitan Turawan mulki ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya buga ɗan ƙaramin littafi mai suna A Hausa Botanical Vocabulary. Ba hoto ko ɗaya. Sunayen tsirrai ne da Hausa, a jere bisa haruffa, kowanne da sunansa na kimiyya da ɗan bayanin amfaninsa, wani wuri har ya nuna cewa wannan sunan na Sakkwato ne, wancan na Kano ko Katsina. Shi ne dai ya zo ya rubuta The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937, wanda daga baya aka faɗaɗa shi ya zama mujalladai. Na 1916 ɗin ya tsufa har ya fita daga haƙƙin mallaka, yana nan a intanet. Ki sauke shi, ki kai wa masu buga takardu na bakin jami'a, ki ce su ƙara girman rubutun, su yi masa bango mai kauri. In da hali su bar shafi fari a bayan kowane shafi.

Dalilin shafi farin: kawunki zai yi gardama da littafin nan, kuma gardamar ita ce daɗinsa. Baturen kunnensa ya ji, ya rubuta yadda ya ji, da irin rubutun Hausar wancan zamani. Wasu sunayen kimiyyar ma an canza su tun tuni. Gawo da aka daɗe ana kira Acacia albida yanzu Faidherbia albida ne, don haka in zai nemi abu daga wannan littafi zuwa na Arbonnier sai ya yi haƙuri. Ga kuma abubuwan da suka sauya a ƙasar kanta. Darbejiyar da ta cika kowane titi da makaranta daga Indiya aka kawo ta, kuma a lokacin da likitan ke rubutu ba ta bazu ba. A gefe guda zai ci karo da sunayen da rabonsa da jin su tun bakin kakarsa. Ni a nawa kwafin na cika gefe da jan biro: wannan babu shi kuma a dajinmu, wannan a garinmu ba haka ake ce masa ba. Malamin lissafi da ya saba gyaran takardun yara ba zai rasa abin yi ba.

Ɗan Maraɗi:

Malam ya gama magana kan Arbonnier, mu nan na Faransancin muke gani hannun ma'aikatan gandun daji, kuma gaskiya ne babu kamarsa. Amma 'yar uwa, ni wani abu daban zan ce. Mutumin da ya aje aiki ba ƙamus kaɗai yake so ba, yana son labarin da zai karanta bayan la'asar.

Ki nemi The Forest Underground na Tony Rinaudo. Ɗan Ostareliya ne, ya zauna nan jihar Maraɗi tun farkon shekarun 1980 yana aikin dashen itatuwa, dashen kuwa yana ta mutuwa: rana ta ƙone, iska ta binne, bisashe su cinye. A 1983 ne ya lura cewa ƙananan kumburin ganye da ke warwatse cikin gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka, ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Aikin da ake yi bai da wuya: ka zo ga kututture mai toho da yawa, ka zaɓi ƙarfafa, daga ɗaya zuwa biyar, ka datse sauran, ka rage musu rassan ƙasa, ka tsare su daga dabba da mai gatari. Tunda saiwa ta riga ta yi zurfi, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Shi ne muke kira sassaben zamani. Ana ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram da kewaye an farfaɗo da gonaki wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya. A 2018 an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya yi suna wajen haƙa ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki, waɗanda ake kira "zaï".

Gyara ɗaya zan yi tun kafin kawu ya karanta: kada ya ɗauka Bature ne ya koya wa Bahaushe darajar icce. Tun zamanin sarakunan Damagaram akwai hani mai tsanani kan saran gawo, don manomi ya san gawo na zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye, bisashe su taru inuwarsa su ci kwafsa su bar taki. Abin da ya ɓata al'amari, har da dokar da ta mai da icce na gwamnati, manomi ya ga in ya bar shi a gonarsa rigima ce zai jawo wa kansa. Da aka sassauta, mutane suka koma ga abin da suka sani. Kuma ki sani marubucin ɗan mishan ne, maganar addininsa na cikin littafin, don kada ki ce ban faɗa miki ba.

In kawu na da gona bayan lambun, ina tabbatar miki bana ba zai bar yaran sassabe su taɓa masa kalgo da sabara ba.

Mai Duban Tsuntsu, Jos:

Yaya, kowa ya tafi kan bishiya an manta da kaskon ruwa. Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, ki nemi bugu na biyu na 2014. Tsuntsaye kusan 1,300 ne a ciki, zane mai launi, kowanne da 'yar taswira da ke nuna inda ake samunsa. Shi ɗaliban cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke nan dajin Amurum suke yawo da shi.

Taswirorin ne za su kama shi. Kowa ya san shamuwa ta zo damina ta kusa, amma mutum nawa suka san inda take zuwa in ta tafi? Ƙetare tsakiyar Afirka take yi ta gangara kudanci, ta ci daminar can, ta dawo ta yi sheƙa a kan tsamiyar garinku. Wasu ƙananan tsuntsayen da zai gani a lambu lokacin sanyi kuwa daga Turai suke, sun ratso Sahara. Zai kuma ga gauraka, wadda dattawa ke ba da labarin garkenta a fadamu, yanzu ganinta a Najeriya sai an dace.

Gaskiya biyu: babu sunayen Hausa a ciki, shi zai riƙa rubuta carki da cilakowa da balbela a gefe, kuma rubutun ƙanana ne ainun. In idon ya yi rauni sosai, gara a haɗa masa da madubin hangen nesa. Ki ce wa masu agogo su canza shawara.

Hajiyar Fadama, Kano:

Ku yi haƙuri maza, zan ɗan saɓa muku. Duk littattafan da kuka lissafa na kallo ne. Malam ya ce mai yi wa mangwaro aure ba ya buƙatar koyarwa. Ni ina lambu a bayan gida shekara da shekaru, kuma har gobe abu na ɗaure mini kai. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, manyan manoman Kadawa ma tsayawa suka yi suna kallo, ganye ya bushe cikin 'yan kwanaki, feshin da aka saba bai yi komai ba. Ƙwarewar shekaru ba ta hana sabon ciwo zuwa.

Don haka ƙanwata, ga abin da zan yi in ni ce. Akwai jerin ƙananan littattafai da ake kira Agrodok, wata ƙungiya ta ƙasar Holan mai suna Agromisa ce ta fitar, don manoman ƙasashe masu zafi aka rubuta su, da Turanci mai sauƙi da zane. Akwai na lambun kayan miya, na haɗa takin gargajiya, na noman tumatir, na renon itatuwa da dashe. Kyauta ake sauke su. Ki zaɓi guda huɗu ki sa a ɗinke su wuri ɗaya. Sannan in kina da wanda zai shiga Samaru, ya leƙa NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya tambayi ƙasidunsu na manoma. Waɗannan su ne suka san cewa tumatirinmu sanyi yake so, in zafin bazara ya kama shi yana fure sai furen ya kakkaɓe, don haka lissafin ranar zuba iri daga nan yake farawa. Littafin Ingila zai ce maka ka jira sanyi ya wuce. Mu sanyin muke jira.

Wanda kuma yake son zurfi, kundin kayan lambu na PROTA, wato shirin tattara bayanan tsirrai masu amfani na ƙasashen Afirka masu zafi, wanda ya fito a 2004, ya ɗauki rama da yakuwa da kuɓewa da lalo da gauta da alayyafo da muhimmanci, ba a matsayin ciyayin da aka tsinta ba. Shi ma yana intanet.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so ki ji: ki saya masa babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, irin na rajista. Ya riƙa rubuta ranar da ya zuba iri, ranar da ya dasa, wane iri ne, a ina ya saya, yaushe ƙwari suka zo, me ya fesa, ranar ruwan farko. Ni da na fara haka ne na gano cewa irin da nake cirewa daga tumatirin da na shuka da irin nan mai aure da ake sayarwa a gwangwani ba ya maimaita uwarsa, shekara ta biyu sai ya haifi wani abu daban, ƙanana marasa auki. Da ina ɗora laifin kan taki. Bayan damina uku littafin da ya rubuta da hannunsa zai fi masa duk wanda za ki sayo, domin na rijiyarsa ne da ƙasarsa.

Kuma ki sa 'yan ƙullin iri a cikin kyautar. Littafi ba iri, mai lambu zai yi godiya ne kawai don kunya.

Almajirin Zaure:

Tunda kin ce yana taɓa Larabci, kada a manta da Hayatul Hayawan na Damiri, malamin Misra da ya rasu a 1405. Dabbobi da tsuntsaye da ƙwari ne a jere bisa haruffa, kowanne da abin da ya zo a kansa na hadisi da waƙa da karin magana, da hukuncin cin namansa, har da fassarar ganinsa a mafarki. Ba littafin gane tsuntsu ba ne, kuma akwai abubuwan da ilimin yau bai yarda da su ba, musamman wajen magunguna. Amma na hira ne mai daɗi. A tambayi masu littattafan Larabci na Kasuwar Kurmi, a duba bugun da rubutunsa bai cika ƙanƙanta ba.

Uwar Biyu, Kaduna:

Kai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Baba Malamin Gona, na yi magana da ɗan nasa, ya ce zai nemo na Arbonnier, sai dai ba lallai ya iso kafin walima ba. Don haka ranar zan miƙa masa na Dalziel da aka buga da manyan haruffa, da rajistar da Hajiya ta ce, da iri. Hajiya, na karɓi gyaranki, amma Agrodok ɗin zan ba matarsa ta ajiye masa a ɗaki kamar ba daga gare ni ba. Kawu ba ya son a nuna masa kamar bai iya ba, ko a aji haka yake. Na tsuntsaye na tura wa masu agogo, suna can suna muhawara. Ɗan uwa na Maraɗi, yana da gona a hanyar Bakori, naka zai biyo baya in Allah ya hore.

Tambaya ɗaya ta rage. Iri wane zan saya, kuma a ina, don kada in kai masa abin da zai yi mini dariya?

Tsohon Malamin Gona, Zariya:

Kada ki sayi na tumatir ko albasa, 'yata, yana da wanda ya yarda da shi kuma ba zai canza don ke ba. Ki kai masa abin da ba ya samu a shagon kayan gona: 'ya'yan itatuwan gida. Ɗinya, kanya, tsada, taura, ɗorawa. Masu sayar da su a kasuwa suna nan, ki ci ki tara ƙwallon, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki ƙulla kowanne daban a takarda, ba a leda ba, ki rubuta suna da watan da kika tara. Masu taurin ɓawo kamar ɗorawa sai an ɗan kankare gefe ko an jiƙa su kwana ɗaya kafin a shuka, amma wannan ki bar masa, ya sani. Kaɗanya ce kawai kada ki ajiye: ƙwallonta ba ya jure ajiya, in ya bushe ya mutu, sai dai a kai masa ɗanye da damina ya binne a inda yake so ta tsaya, don ba ta son a tashe ta.